Shaidar Wadda Iya Ta Goya

Kurayyat, Jidda

Zuwa ga ɗana Yasir,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sauke jirginku a Kano lami lafiya, Ya tsare ka a hanya da masauki, Ya haɗa ka da mutanen kirki tun daga ƙofar filin jirgi.

Sitti Nafisa ta amince za ta ba da shaida. Da bakinta ta faɗa mini ranar Talata da hantsi, a falonta, a gaban babban ɗanta. Za ta je gaban kwamitin da ke duba buƙatarmu ta jinsiyya, wato zama 'yan ƙasa, ta ce mahaifinta ya sayi kakarka Iya tana yarinya, kuma a gidansu take ranar da aka haramta bauta a ƙasar nan. Idan an karɓi shaidar, akwai hanyar da za ka dawo Jidda a matsayin ɗan gari. Idan ba a karɓa ba, bizar fita ta ƙarshe da aka buga maka bayan kafilinka, mai ɗaukar nauyin zamanka a ƙasar nan, ya rufe sito tana nan daram, sai dai ka riƙa zuwa mana umara kamar kowane baƙo.

Da gangan na rubuta maka da Hausa. Kana ji sarai, bakinka ne ke nauyi, kuma inda za ka ba a sayen burodi da Larabci. In ka tsaya a wata kalma ka tambayi Kawu Sani a can Kano, babu abin da nake ɓoye masa a ciki.

Ka san labarin Iya a gutsure tun bara da na tara ku na gaya muku. Yanzu zan jera maka shi yadda ya kamata. Shekarun da na yi ina gyaran rubutu da fassara labaran ƙasashen waje a gidan jarida sun koya mini in raba abin da na gani da abin da aka gaya mini, kuma haka zan yi a nan.

Abin da aka gaya mini shi ne wannan. Wani mutum da take kira Baffa ya taho da ita aikin hajji ta hanyar Sudan, tana ƙarama. Guzuri ya ƙare masa a Jidda. Ya kai ta gidan wani attajiri a Balad, tsohon garin Jidda, ya ce ta jira shi zai je ya dawo. Ba ta sake ganinsa ba. Mutanen gidan suka sa mata suna Mabruka. Da aka haifi Nafisa, 'yar maigidan, sai aka miƙa mata raino, ita kuwa ta ɗaure ta a baya da zane irin yadda ta ga ana yi a garinsu. A farkon shekarun sittin aka yi shela cewa babu sauran bauta. Maigida ya tara su a soro ya ce kowa ya 'yantu, mai son tafiya ya tafi. Yayata Hauwa ta taɓa tambayar Iya abin da ta yi a ranar. Ta ce ta koma ta ƙarasa wanke tukunya, don shinkafa ta kama.

Ta ci gaba da zama a gidan har kakanka Malam Garba tela ya aure ta. Shi ɗa ne ba bawa ba, da ƙafarsa ya zo daga ƙasar Katsina, yana ajiye da fasfonsa cikin gwangwanin alewa. A lokacin ana kiran waɗanda aka 'yanta su je a rubuta su, a ba su takardar zama 'yan ƙasa. Iya ta ce za ta je. Ya ce, “Ni 'ya na aura. Ba zan kai matata layin bayi a rubuta ta ba. Mu alhazai ne, gida za mu koma.” Bai koma ba. A Jidda aka binne shi. Wata ƙawar Iya mai suna Zahra, wadda suka yi bauta a lungu ɗaya, ta bi layin nan a cikin rana. Yau cikin jikokinta akwai malamin makaranta, akwai ma'aikaciyar jinya, kuma babu wanda ya taɓa neman kafili a cikinsu.

Ba na tuhumar mahaifina. Yana ganin mutunta matarsa yake yi. Nawa kuskuren ya fi nasa, domin ni na yi karatu. Bayan rasuwarsa Iya tana raye, tsofaffin da suka san ta suna raye, ni kuma ina da aiki mai kyau da kafilin da ke sabunta mini iƙama, takardar izinin zama, ba tare da na yi magana ba. Na ɗauka hakan zai ɗore. A can cikin raina kuma ina tare da shi, ba na son a rubuta sunan uwata a inda aka rubuta bayi. Sai da jaridar ta rage ma'aikata, sai da na ga shekarunka sun wuce na zama a ƙarƙashin iƙamata, sannan na je neman ƙofar da ke buɗe tun kafin a haife ni. Na tarar ta kusa rufewa, masu shaida sun mutu, saura mace ɗaya.

Saboda haka in ka isa, kafin ka nemi aiki, kafin ka zaga gaishe-gaishe, ka je ka yi katin ɗan ƙasa da na zaɓe. Za ka tarar da layi da rana da ma'aikacin da zai yi dariyar Hausarka. Ka tsaya har a zo kanka. Kada ka ce ai zaman na ɗan lokaci ne. Kakanka ma haka ya ce.

Wata shekara aka ba ni aikin rubuta dogon sharhi a kan Amurka bayan yaƙin basasarsu, lokacin da suka hana bauta suka shiga sake gina ƙasa. Na karanta duk abin da hannuna ya kai. Sun gyara tsarin mulkinsu, sun ce duk wanda aka haifa a ƙasar ɗan ƙasa ne, sun ba maza baƙaƙe ƙuri'a, an buɗe makarantu, har wasu da aka haifa cikin bauta suka zauna a majalisa. An yi alkawarin gonaki ba a cika ba. Daga baya gwamnati ta gaji ta janye sojojinta daga kudu, aka ƙirƙiro dabarun hana su zaɓe, sai da jikoki da tattaɓa-kunne suka sake fitowa neman abin da tuni yake rubuce a doka. Na fahimci darasin sosai, na rubuta shi da kyau: shela abu ɗaya ce, haƙƙin da mutum zai riƙe a hannunsa wani abu ne daban, kuma ana iya ƙwace shi bayan an bayar.

Ina cikin rubutun Iya ta shigo ɗaukar tire.

“Me kake rubutawa haka har shayi ya huce?”

“Labarin bayin Amurka ne, Iya, bayan an 'yanta su.”

“To da aka 'yanta su, ina suka kwana?”

Ina da dokoki a gabana shafi-shafi, amma ban da wannan amsar a shirye. Na ce wasu sun zauna wurin iyayen gijinsu, wasu sun bazama neman 'yan'uwansu da aka sayar.

“Sun same su?”

“Wasu sun samu.”

“Ai da sauƙi, tunda sun san inda za su nema.”

Ta ɗauki tiren ta fita. Ni kuma na duƙa na ci gaba da rubutu, don ana jira a maɗaba'a. An yaba sharhin. Matar da ta san amsar duk tambayoyin da na yi wa littattafai tana ɗaki na gaba tana ninke kayanku, ban taɓa zama na ce ta ba ni labari ba. Yau da zan iya, da na ba da duk abin da na rubuta a rayuwata a bakin yini ɗaya da ita.

Ka yi karatu, Yasir, ba na hana ka. Amma in ka tarar da tsoho a gidan da ka sauka, ka ajiye waya ka zauna kusa da shi. Ka yi tambaya, ka yi shiru, kada ka cike masa magana.

Kuskurena na gaba shi ne ya ja mana halin da muke ciki. Al'ada ce a nan, wanda aka 'yanta ba ya yanke hulɗa da gidan da ya fito. Iya takan je Balad duk Juma'a da kowace salla, in suna da biki kuwa ita ce kan tukunya. Ba biyanta ake yi ba, sai dai turmin yadi da ɗan abin salla. Abin yana ci mini rai, ina haɗiyewa. Ranar walimar auren 'yar Sitti Nafisa na je ɗaukarta bayan la'asar. Ina tsaye a matakala aka buɗe ƙofar ɗakin mata, sai na hango ta. Baƙi suna kan kujeru, ita tana zaune a ƙasa a bakin ƙofa da faranti a cinya, sanye da mafi kyawun kayanta. Wata yarinya da ba ta kai jikarta ba tana cewa, “Ya Mabruka, kawo ruwa.”

Na ɗaga murya na ce, “Iya, tashi mu tafi.”

Sitti Nafisa ta zo bayan ƙofa. “Ya waladi, ɗana, bar ta ta ci abinci. Uwarmu ce.”

“Uwarku ce take zaune a bakin ƙofa?”

“Nan take son zama, tun da.”

“An taɓa tambayar ta?”

Iya ta ajiye farantin ta yafa mayafi ta biyo ni. Muna cikin tasi ina ta faɗa, ina kawo misalai daga ƙasashe, har muka wuce kasuwa. Da na tsagaita ta ce, “Ka gama?” Na ce na gama. Ta ce, “To kai ma ba ka tambaye ni ba.”

Can kuma ta ce, “Ba zaman bakin ƙofa nake so ba, Usman. Amma duk duniyar nan mutanen gidan can ne kaɗai suka gan ni da giɓin ƙuruciya.”

Na ji maganar, ban fahimce ta ba. Na ce daga yau an daina zuwa. Ta daina, don a gidana take zaune. Ka lura da wannan: mace ce da aka yi ta ba umarni tun tana da giɓi, ni kuma da sunan kare 'yancinta na ƙara mata wani. Har yau ina kan ra'ayina cewa zaman nan a ƙasa bai dace ba, kuma da zan sake gani da na sake magana. Inda na ɓata shi ne da na yanke hukunci a kan abin da ba nawa ba. Da ta rasu ban aika musu ba.

Za ka ga abubuwa a can da za su tafasa maka zuciya, kai da ka gaji saurin fushina. Za ka ga ana yi wa wani abin da bai kamata ba. Ka yi magana. Amma kafin ka ja hannun mutum ka ce ya tashi ku tafi, ka tambaye shi ina yake son zuwa, kuma me zai bari a baya.

Kuskuren ƙarshe ka san shi, don a kanka ya faru. Ka dawo daga makaranta da yagaggiyar riga, ka ce wani yaro ya kira ka abd, bawa, ka buge shi. Na dafa ka na ce, “Gobe ka gaya masa mu ba bayi ba ne, jikokin alhazai ne.” Iya tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Hannunta ya tsaya, sannan ya ci gaba. Ranar ba ta ci abinci tare da mu ba, ta ce kanta ke ciwo. Rabin maganar da na gaya maka gaskiya ce, rabi ƙarya. Mafi muni, na koya maka cewa abin kunyar yana kan wanda aka saya. Ba a kansa yake ba. Yana kan wanda ya sayar da wanda ya saya.

A Kano za a tambaye ka asali, musamman ranar da ka nemi aure. Za su ce maka Balarabe, yadda a nan ake ce mana Takari, kada ka damu da wannan. Amma in an zo maganar dangi ka faɗa kai tsaye: kakana Bakatsine ne tela, kakata an sayar da ita tana yarinya a hanyar hajji, an 'yanta ta, ta haifi ubana. Gidan da ya juya maka baya saboda haka ya rage maka wahala. Kai ma kada in ji ka tambayi asalin wani da wannan manufar.

Yanzu ga abin da na gani da idona ranar Talata. Sun daɗe da barin Balad. Gidan yana nan da tagoginsa na katako, an kafa masa ƙarafa ana gyara don masu yawon buɗe ido. Wani tsoho mai sayar da turare a lungun ne ya yi mini kwatancen inda suka koma. Zuwana na farko ɗanta Hisham ya ba ni gahawa da dabino, ya saurare ni da ladabi, ya raka ni ƙofa ya ce mahaifiyarsa ba ta da lafiya. Daga baya ita da kanta ta sa aka kira ni.

Ta tsufa ƙwarai, tana tafiya da sanda. Ta daɗe tana kallona.

“Kai ne ɗan Mabruka mai dogon baki?”

“Ni ne, Sitti.”

“Furfura ta rage maka shi?”

“Ta rage kaɗan.”

“A bakin mai kawo mana kifi na ji rasuwarta. An riga an yi arba'in.”

“Na yi kuskure.”

“Ka yi.”

Sai ta kai hannu ƙirjinta ta nuna inda ake ɗaure zane, ta ce da Hausa, da harshenta mai nauyi kamar naka, “Yi barci, yi barci.” Ta ce har ta yi wayo ba ta yarda ta kwanta a gado, sai a bayan Iya, uwarta ta yi faɗa har ta gaji.

Na gaya mata abin da ke tafe da ni. Hisham ya ce, “Ummi, mu rubuta cewa ta yi aiki a gidanmu, a hannunmu ta tashi. Ya isa.”

Na ce, “Bai isa ba, Ustaz. Masu aiki da yawa sun zo ƙasar nan sun tafi. Abin da kwamiti ke tambaya shi ne ko tana cikin waɗanda aka 'yanta. Kuma ba a 'yanta wanda ba a mallaka ba.”

“Sunan kakana za a rubuta a takardar hukuma.”

Sitti Nafisa ta buga sanda a ƙasa sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. “Ubana ne, ni ya haifa ba kai ba. Ya saye ta. Ina bayan labule ranar da ya ce ta 'yantu, na fito na riƙe zanenta ina kuka don kada ta tafi. Ba ta tafi ba, ni kuma na yi murna, ban taɓa tunanin ko tana da wurin zuwa ba. Halas, shi ke nan. Zan faɗa.”

Hisham ya tashi ya tsaya a taga. A nan na bar shi na fito. Ina sa takalmi ta kira ni ta ce, “Kafin Mabruka, me ake ce mata?” Na ce Dije. Ta maimaita shi a hankali. Ta ce ba ta taɓa sani ba, kuma ba ta taɓa tambaya ba.

Ban ce ka so su ba, ban ce ka ƙi su ba. Na rubuta maka abin da aka faɗa yadda aka faɗe shi, sauran ya rage naka.

Ummanka ta sa maka gahawa da busasshen lemo a aljihun jakar gefe, ta ce kada in gaya maka don za ka ce nauyi ya yi yawa. Yau da safe, bayan mun dawo daga raka ka, na je sayen ful da tamis, waken nan da burodi, mai shagon ya fara naɗe rabonka kafin in yi magana, na bar shi ya naɗe. Makullinka yana rataye a ƙusarsa, ba za mu cire ba. Ranar Juma'a da yamma zan je bakin teku inda muke zama, kai ka kira ni daga can ka gaya mini yadda gari yake, ko da da Larabci ne. Ban san ƙasar da za ka ba sai a takarda da bakin alhazai. Abin mamaki ne a ce ɗana zai riga ni taka gidan da ubana ya mutu yana cewa za mu koma.

Iya ba ta tuna sunan garinsu ba. Abin da ta riƙe kawai rijiya ce a gindin ɗorawa, da wata mace mai zane a kumatu tana daka tana waƙa. Kada ka wahalar da kanka nema, na duba taswira har na haƙura, rijiya da ɗorawa sun cika ƙasar. Amma in wata rana mota ta tsaya da ku a wani ƙauye, ka ga tsohuwa mai dogon wuya da ƙananan kunnuwa irin na Iya, ka sauka ka durƙusa ka gaishe ta da kyau. Ba sai ka yi mata bayani ba.

Allah Ya tsare gabanka da bayanka. Ya ba ka abinci na halal da maƙwabta nagari, Ya kare ka daga zalunci, wanda za a yi maka da wanda za ka yi wa wani. Ya jiƙan Dije da Malam Garba, Ya ƙara wa Sitti Nafisa kwana da lafiya. Ummanka da 'yan'uwanka suna gaishe ka. Ka gaishe mini da Kawu Sani da iyalinsa. Allah Ya sake haɗa fuskokinmu cikin alheri.

Mahaifinka,
Usman

Lauyan da ke bin mana maganar ya ce ya ji kwamitin zai zauna bayan aikin hajji. Har zuwa yau ba a aiko da ranar a rubuce ba. Hisham ne ke kai mahaifiyarsa ko'ina a mota, kuma bai ce zai kawo ta ba tukuna.